FILOGIN HAMSIN A LAFTOF MAI RAM 4: WA MUKE YAUDARA?



Maganar yau za ta yi wa wasu zafi, amma gara a faɗe ta tun zangon karatu bai yi nisa ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Da yawa daga cikinmu ba mu san amfanin editar da muke rubuta kod a cikinta ba. Muna zama a gabanta awa shida, awa takwas kullum, amma ko dai mun mai da ita shagon kayan kwalliya, ko mun bar ta tsirara muna fahariya da wahala. Kuma wannan sakacin yana cin furojet ɗin mutane, yana cin makinsu, yana cin mutuncinsu a gaban abokan aji.

Gida biyu muka kasu. Gida na farko su ne 'yan kwalliya. Mutum ya kalli bidiyo a YouTube mai cewa ga filogin talatin da dole ka saka, ya zauna ya sauke su kaf. Washegari ya ga wani bidiyon, ya ƙara ashirin. Launi kala-kala, gumaka masu walƙiya, wata 'yar kyanwa tana yawo a gefen sikirin, haruffa suna tartsatsin wuta in ya danna kibod. Duk wannan a kan tsohuwar HP ko Dell ta hannu da ya sayo a Computer Village ta Ikeja, mai RAM 4GB, wadda batirinta ba ya kai minti arba'in. Sannan ya dawo guruf yana kuka wai VS Code nauyi gare ta.

Gida na biyu su ne masu "ni ɗan asali ne". Waɗannan a Notepad suke rubutu, ko a editar da ba su taɓa saita komai a cikinta ba. In ka ce su saka abin da zai nuna musu kuskure, sai su ce ai wannan ragwanci ne, gwani da ido yake gani. Su ne za ka tarar sun kwana suna neman waƙafi ɗaya da ya ɓace a layi na 340. Su ne kuma masu turo maka aiki ta WhatsApp a dunƙule, da suna irin "furojet na ƙarshe", "na ƙarshe na gaske", "na ƙarshe wallahi 3".

Ni da gidajen biyu nake faɗa, don tambaya ɗaya suke gudu: wane aiki ne wannan abin yake ɗauke mini?

MA'AUNINA

Filogin ba ya samun gurbi a editata sai ya ci ɗaya daga cikin jarabawa uku. Ko dai yana kama kuskurena kafin sufabaiza ko abokin aiki ya kama. Ko yana tsare aikina daga ɓacewa. Ko kuma yana ɗauke mini wani abin da nake maimaitawa sau goma a rana. In bai yi ko ɗaya ba, baƙo ne da ya zo cin abinci, a sallame shi.

Kuma kowane filogin yana da farashi ko da kyauta ne. VS Code, wadda Microsoft ta fitar a 2015, an gina ta ne a kan Electron, wato a cikinta akwai injin burauza irin na Chrome. Tun kafin ka ƙara mata komai tana da nata cin. Windows 11 kuwa mafi ƙarancin RAM da take nema shi ne 4GB ɗin nan da kake da shi gaba ɗaya. Ka buɗe Chrome da shafi goma sha biyu, ka buɗe edita, sannan ka ɗora mata filogin hamsin, wasu ba sa tashi sai ka buɗe irin fayil ɗinsu, wasu kuwa da ka kunna edita suke farkawa. To ina laifin VS Code a nan? Jaki aka yi wa lodin raƙumi.

KAFIN KA SAUKE KOMAI

Abin takaicin shi ne, rabin abin da mutane ke nema a filogin yana nan cikin editar, ba su duba ba ne kawai.

Ka ɗauki filogin ɗin da ke ba wa baka-baka launi don a gane wanne ya rufe wanne, Bracket Pair Colorizer. Ya yi tashe ƙwarai, miliyoyi sun sauke shi. A 2021 masu VS Code suka saka wannan aikin a cikin editar kanta, da sauri ninkin-ba-ninkin, mai filogin ɗin ma ya daina kula da shi. Amma har gobe ina ganin sa a laftof ɗin mutane, saboda bidiyon da suka kalla tsoho ne.

Ajiye aiki kai tsaye ba tare da ka danna komai ba, yana nan, Auto Save a ƙarƙashin File. Duk wanda batirinsa ya mutu kuma yake zaune a hostal ɗin da ake ɗauke wuta ba sallama, in bai kunna wannan ba, shi ya so. Akwai kuma Timeline a ƙasan jerin fayiloli, tana riƙe tsoffin kwafin fayil duk lokacin da ka ajiye, in ka ɓata abu ka koma na awa biyu da suka wuce.

Ctrl+P ka rubuta harafi uku na sunan fayil ya buɗe, ba sai ka bi folda-folda da linzami ba. Ctrl+D ka zaɓi kalma iri ɗaya a wurare da dama ka gyara su lokaci guda. F2 ka canza sunan wani abu a duk inda ya fito cikin furojet. F12 ka tsallaka inda aka ƙirƙiro shi. Ctrl+Shift+P kuwa ita ce ƙofar duk wani umarni. Wanda ya riƙe waɗannan biyar ɗin ya fi mai filogin hamsin sauri, kuma ko sisin data bai kashe ba.

Sai babba: Git. Linus Torvalds ya rubuta shi tun 2005. Ka saka Git a kwamfutarka, VS Code za ta gan shi da kanta, ta ba ka wajen ganin abin da ka canza da wajen yin komit. Ɗalibin digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta da furojet ɗinsa ke zaune a laftof ɗaya da filash ɗaya, wallahi da wuta yake wasa. A ajinmu akwai wanda aka sace wa jaka a motar haya, saura sati biyar ya gabatar da aiki. Laftof da filash duk suna cikin jakar. Babi uku na rubutu ya samo a imel ɗin da ya taɓa tura wa sufabaiza, amma kod ɗin wata bakwai ya tafi. Editarsa kuwa ta fi ta kowa ado a ajin. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

WAƊANDA NAKE KAREWA

Na ɗaya, filogin ɗin yaren da kake rubutu da shi. In Python ne, na Microsoft mai zuwa tare da Pylance. In Java ne, kunshin Java. In C ko C++ ne, nasu. Wannan shi ne ƙashin baya. Shi ke sa editar ta fahimci kod ɗinka a matsayin kod, ta ce maka wannan sunan ba ka taɓa ƙirƙirarsa ba, wannan aikin abu biyu yake karɓa kai ka ba shi uku. Dabarar da ke ƙarƙashinsa ita ce LSP, ƙa'idar da ta fito a 2016: a rubuta "ƙwaƙwalwar" yare sau ɗaya, kowace edita ta iya magana da ita. Shi ya sa mai Neovim da mai Sublime da mai VS Code duk za su iya samun irin wannan taimakon. Masu Python, ku shiga saiti ku kunna duba nau'in bayanai a matakin "basic". Za ku ga jajayen layuka sun fito. Da ma kurakuran suna nan, yau ne kawai aka haska su. Kuma ku koyi zaɓar muhallin Python na kowane furojet daban, ku daina zuba duk laburare a wuri ɗaya har su fara faɗa da juna.

Na biyu, mai gyara tsari da mai duba sakaci. Ga JavaScript da danginsa akwai Prettier da ESLint. Ga Python akwai Ruff, wanda aka rubuta da yaren Rust, mai sauri ne sosai, kuma shi kaɗai yana yin aikin da a da sai ka haɗa kayan aiki biyu ko uku. Ka kunna gyaran tsari a duk lokacin da ka ajiye fayil, shi ke nan. Me ya sa wannan ya dame ni? Saboda aikin rukuni. Mutum huɗu, kowa da nasa salon tazara, wani tab wani sifes, a haɗa aikin ya koma kamar zanen da aka yi wa faci da yadi huɗu. A Python ma tazarar ba ado ba ce, ma'ana ce, ka cakuɗa tab da sifes shirin ya ƙi tashi. Gardamar da za ku yi ta minti talatin, na'ura ta raba ta cikin daƙiƙa ɗaya.

Na uku, Error Lens. Ƙarami ne, aikinsa ɗaya: maimakon ɗan jan layi da sai ka kai linzami kansa, yana rubuta saƙon kuskuren a gaban layin ƙuru-ƙuru. Ga mai koyo wannan makaranta ce, domin dole ya karanta saƙon. Babbar cutarmu ita ce ba ma karanta saƙon kuskure. Da mun ga ja sai mu ɗauki hoto mu tura guruf: "Don Allah wa zai taimaka?" Alhali a cikin hoton kwamfutar ta faɗi layin, ta faɗi matsalar.

Na huɗu ba sabon saukewa ba ne, yana zuwa da filogin ɗin yarenka, amma kusan ba wanda ke taɓa shi: mai farautar kuskure, dibaga. Ka danna gefen lambar layi, jan ɗigo ya fito, ka danna F5, shirin ya tsaya cak a wajen, ka ga abin da ke cikin kowane suna, ka bi shi taki-taki. Mu kuwa sai mu cika kod da "print nan 1", "print nan 2", "ya iso nan", mu manta mu goge, ranar difens a haska a bango kowa ya gani. Haba!

Na biyar, GitLens, ga masu aikin rukuni. Ka tsaya a kan layi ya gaya maka wa ya taɓa shi, yaushe, da wane bayani. Yana kashe musun "ba ni ba ne". In kai kaɗai kake aiki, abin da ke cikin editar ya ishe ka, kada ka ƙara nauyi.

Na shida, Remote - SSH, kuma wannan shi ne aminin talaka. In sashenku na da saba, ko kana da wata kwamfuta mai ƙarfi da aka ba ka izinin shiga, wannan filogin zai sa ka buɗe folda a can kamar a gabanka take. Kai kana bugawa a tsohuwar laftof ɗinka, nauyin aikin yana can. Masu horar da ƙirƙirarriyar basira da ke barin laftof tana huci kwana biyu a ƙarƙashin gado, ku ji wannan. Sai dai ku haɗa da tmux a can sabar, don in netiwok ya katse aikin ya ci gaba.

Na bakwai, Jupyter, amma da sharaɗi. Yana da kyau wajen gwaji da zana jadawali. Hatsarinsa shi ne kana iya kunna gidajen kod ba bisa jeri ba, na goma kafin na uku, sakamako ya fito da kyau, gobe ka buɗe ya ƙi. Kafin ka kwafi lamba ko ɗaya zuwa babi na huɗu, ka sake kunna komai daga sama har ƙasa. In bai ba da amsa iri ɗaya ba, ba ka da sakamako tukuna.

Ga masu rubuta kundi da LaTeX, akwai LaTeX Workshop, yana aiki ko babu intanet muddin ka saka MiKTeX ko TeX Live. Na san sassa da yawa Word suke so, to a bi abin da sashe ya ce. Code Spell Checker kuma yana kama kuskuren rubutun Turanci a sunaye da bayanai, wanda ba ƙaramin rufin asiri ba ne ranar da wani zai karanta aikinka.

Akwai wata matsala tamu ta kanmu. Da yawanmu furojet ɗinmu ya shafi Hausa: tattara rubutu, fassara, gane ra'ayi a saƙonni. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin tsohon tsarin haruffan da Windows ta saba amfani da shi. Ka buɗe fayil da Python a Windows ba ka ce UTF-8 ba, ko dai ya tsaya da kuskure, ko kuma, wanda ya fi muni, ya wuce shiru ya mai da "ƙasa" wasu alamomi marasa ma'ana. Ka horar da na'ura a kan wannan shara, ka yi ta mamakin me ya sa sakamako ya lalace. Ka dubi ƙasan editar ta hannun dama, tana nuna tsarin haruffan fayil ɗin. Ka tabbata duk ɗan rukunin ya bi tsari ɗaya, wato UTF-8. Babu mai bidiyon Amurka da zai gaya maka wannan, don ba ciwonsa ba ne.

Ku ƙirga. Ba su kai goma sha biyu ba, kuma ba kowa ke buƙatar duka ba.

WAƊANDA ZA A KORA

Code Runner na farko. Na san masoyansa suna da yawa. Ka danna maɓalli ɗaya shiri ya tashi. To amma na ga ɗan aji huɗu da aka zaunar a gaban kwamfutar da ba ta da shi, aka ce ya kunna shirin C da ya rubuta da hannunsa, ya rasa ta ina zai fara. Bai taɓa buga gcc a taminal ba. Shekara uku maɓalli yana ɓoye masa abin da ya zo jami'a ya koya. Taminal na nan a ƙasan editar, ka buɗe ta ka buga umarnin da kanka. Ranar da za ka hau saba, babu maɓallin.

Sai masu aiki iri ɗaya. Mai gyara tsari uku a kan yare ɗaya, kowanne yana warware aikin ɗan uwansa. Mai cike kalma huɗu, duk suna turo shawara a lokaci guda. Launin edita kuwa ka zaɓi ɗaya da ba ya gajiyar da idonka, ka wuce wajen.

Kuma maganar ta wuce nauyi, akwai tsaro. Filogin a VS Code ba a killace yake ba. Duk abin da editar za ta iya yi a kwamfutarka shi ma zai iya: ya karanta fayilolinka, ya kunna umarni, ya tura bayani waje. A 2024 wasu masu binciken tsaro sun gwada wannan. Suka kwaikwayi sanannen launin nan Dracula, suka sa wa nasu suna Darcula, suka ɓoye kod mai tattara bayanai a ciki, suka ɗora a kasuwar filogin. Cikin ɗan lokaci ya shiga kwamfutocin ma'aikatan manyan kamfanoni. Juya harafi biyu kawai aka yi. To kai da kake sauke duk abin da ya yi maka kyau a ido, a laftof ɗin da ke ɗauke da bayanan bincikenka da makullan asusunka, ka duba wa ya wallafa shi? Ka duba yaushe aka sabunta shi?

COPILOT DA 'YAN UWANSA

Nan ne za mu ɓata da wasu. GitHub Copilot ya fito a 2021, yanzu irinsa sun cika gari. Ban ce haramun ba ne, kuma ban ce ba ya aiki ba. Ga wanda ya riga ya iya, yana rage wahalar rubuta abin da aka saba. Amma ka lura da sharaɗin: wanda ya riga ya iya. Shi ne zai ga shawarar ya gane ta yi daidai ko ta kauce. Wanda bai iya ba, Tab kawai yake dannawa yana tara bashin da ba shi da abin biya.

Ranar biyan ita ce ranar difens. Malamin waje ba zai tambaye ka wane filogin ka saka ba. Zai nuna layi ɗaya ya ce: me ya sa ka raba bayanan haka? In aka cire wannan me zai faru? Na zauna a difens ɗin da aka yi wa wani irin wannan tambayar a kan aikin da ke ɗauke da sunansa, ɗakin ya yi tsit, har ni da nake baya na ji kunya ta kama ni. Kayan aro ba ya rufe katara.

Matsayina a fili yake. A kwas ɗin da kake koyon abu karo na farko, ka kashe shi. A furojet, in dokar sashenku ta yarda, ka yi amfani da shi, amma duk layin da ba za ka iya bayaninsa a tsaye ba tare da kallon sikirin ba, kada ya shiga. Kuma kada ka zuba bayanan mutanen da ka tattara a bincike, ko makullan sirri, a cikin abin da ke tura rubutunka wata saba da ba ka san ta ba.

NA SAN ABIN DA ZA KU CE

"Data ta yi tsada." Gaskiya ne, kuma hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Filogin hamsin kullum wani yana sabunta kansa da datarka. Goma kuwa ba wani abu ba ne. Ana ma iya ajiye filogin a matsayin fayil mai ƙarewa da .vsix, a ba wani a filash ya saka ba intanet. Mutum ɗaya ya sauke a wayifayin makaranta, goma su amfana.

"Gwanaye Vim suke amfani da ita." Wasunsu, ƙwarai. Bram Moolenaar ya fitar da Vim a 1991, ya kula da ita har rasuwarsa a 2023, kuma edita ce da ta cancanci girmamawa. Neovim da ta ɓalle daga gare ta a 2014 ba ta da nauyi ko kaɗan, in laftof ɗinka ta gaji sosai ita ko Sublime Text sun fi maka. Kowa ma ya kamata ya iya buɗe fayil a Vim, ya gyara, ya fita, don a saba za ka gamu da ita. Amma wanda ya kwashe sati uku a tsakiyar zango yana saita Neovim, babi na biyu ko shafi ɗaya bai samu ba, shi ma ɗan kwalliya ne, rigarsa ce kawai baƙa. Kuma binciken shekara-shekara na Stack Overflow ya sha nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na masu amsawa suna amfani da VS Code. Duk ragwaye ne?

"Sufabaizana ba ya duba kod, rubutu kawai yake karantawa." Wataƙila. To bayan sufabaiza fa? Digirin shekara biyu ne, sana'ar ta rayuwa ce. Kamfanin da za ka nema a Yaba ko Abuja ko Kano, ko na waje da za ka yi wa aiki daga ɗakinka, adireshin GitHub ɗinka za su fara nema. Su buɗe su ga komit ɗaya tak mai cewa "upload", da fayil ɗin makullan sirri a fili, da kod ba tsari. Ba za su kira ka su gaya maka dalili ba.

ABIN DA YA SA NA DAMU

Mu faɗa wa juna gaskiya. A nan Kudu, a yawancin azuzuwan kwamfuta, ba mu da yawa. Wani ajin mu biyu ne, wani mu uku. Akwai masu kallonmu da zaton an bar mu a baya tun kafin mu buɗe baki. Zaton ba adalci ba ne, kuma na ga 'yan uwanmu maza da mata da suka fi kowa lissafi da fahimtar algoridim a ajinsu. Amma in aka raba rukuni, aka ce kowa ya tura nasa ta Git, namu ya ce shi dai a ba shi lambar WhatsApp, to ya ba mai zaton hujja a ɓagas. Kuma ba shi kaɗai za a yi wa kuɗin goro ba, har wanda zai zo baɗi.

Abokan karatunmu na nan ba fin mu ƙwaƙwalwa suka yi ba. Da yawansu sun taso kusa da masu sana'ar ne, wani yayansa na aiki a kamfani, wani tun aji ɗaya yake zuwa tarukan masu kod, a can ya ga yadda ake saita kayan aiki. Abin da suka samu a zaune, mu sai mun koya wa juna da gangan. Kuma abu ne na sati ɗaya, ba na shekara ba. Shi ya sa yake ba ni haushi.

AIKIN WANNAN SATIN

Ka buɗe taminal ka buga code --list-extensions, ka ƙirga abin da ya fito. Kowanne ka yi masa tambayoyi ukun nan. Wanda ba ka ma tuna ranar da ka saka shi ba, cire shi.

In editar na nauyi, Ctrl+Shift+P, ka nemi Show Running Extensions, za ka ga wanda ke jan lokaci wajen tashi. In wani abu ya lalace ba ka san mai laifi ba, akwai Extension Bisect, tana kashe rabi ta tambaye ka, ta sake kashe rabi, har a kama shi.

In kana taɓa yare fiye da ɗaya, ka yi amfani da Profiles: na Python daban, na shafukan intanet daban, na rubutun kundi daban. Kowanne da kayansa kaɗai.

Sannan yau ɗin nan, ba gobe ba, ka saka furojet ɗinka a Git, ka buɗe ma'ajiya ta sirri a GitHub, kyauta ce, ka tura. Ka rubuta .gitignore kafin komit na farko don kada makullai da manyan fayilolin bayanai su bi. Masu katin makaranta su nemi kunshin ɗalibai na GitHub.

'Yan uwa mata da ke cewa kunya ke hana su tambaya a babban guruf, ku samu ɗaya a cikinku da ta iya ta zauna da sauran, ko ku ajiye tambayar a nan ƙasa, babu tambayar da ta yi ƙanƙanta. Manyanmu 'yan digiri na biyu da na uku, kowa ya ɗauki ƙanne biyu a sashensa ya zauna da su awa ɗaya ranar Asabar, da laftof da filash. Ni na ɗauki nawa.

Wanda kuma yake ganin na zalunci Code Runner, ko yana da filogin da ya ci jarabawa ukun nan ban ambata ba, ga fili nan. Ka kawo sunansa da aikin da yake ɗauke maka. Amma in hujjarka ita ce "yana da kyau", ka riƙe abinka.

Allah ya ba mu sa'ar zangon nan, ya fitar da masu difens kunya.